Ƙofar da Na Buɗe wa Kaina

Litinin, 10 ga Fabrairu, ƙarfe biyar na yamma

Wani ya sa hannu a jerin ruwa, kuma ba ni ba ce.

Ko zama ban yi ba da safe Sani mai raba ruwa ya shigo biro, wato ofishinmu, da laka har gwiwa, ya ce Malam Audu na layi na biyu yana nemansa da duka. Ranar Asabar ruwan layi na biyu ne, kowa a lambunan bakin tafki ya san haka, amma da Sani ya duba salularsa sai ya ga layi na huɗu a sama. Shi kuwa Sani abin da salula ta ce shi yake bi, ko da cewa ta yi ya mayar da ruwan cikin tafki. Ya tada motopom, injin ban ruwa, ya ba layi na huɗu, albasar Malam Audu ta wuni da ƙishi.

Na duba, haka ne. Na mayar da kowa gurbinsa, na ce wa Sani kuskure ne. Ba kuskure ba ne. Shekara biyu ina riƙe da jerin nan na ƙungiyar masu lambu, ban taɓa ganin layi ya tashi da ƙafarsa ya tsallake biyu ba.

Bari in rubuta yadda na haɗa abin, in gani da idona ko akwai ɓaraka. Masu furoje, 'yan aikin tallafin nan da suka tafi, sun bar mana jerin ruwa a cikin mashin birtuwel, wato kwamfutar da ke zaune a cikin wata kwamfuta, ordinatar a cikin ordinatar. Ni uwa da 'ya nake ce musu. Uwar ita ce babbar da ke kan teburina, 'yar kuma tana cikinta, a bayan shingen da ake ce wa NAT. Tana iya leƙa waje, amma na waje ba ya isa gare ta sai ta ƙofar da na tura mata daga jikin uwar. Na tura ƙofa 8080 don masu raba ruwa su riƙa karanta jerin a salula ta wifi ɗin biro. Karatu kawai, ba gyara. Mai gyara sai ya zauna gaban uwar, ya sa kod, wato kalmar sirri.

Akwai wata ƙofar da na ƙara a Janairu, amma wannan tawa ce, ba wanda ya san da ita.

Talata, 11 ga Fabrairu, ƙarfe sha ɗaya na safe

'Yar tana da rajista, tana rubuta duk wanda ya yi gyara da rana da lokaci da lambar da ya shigo da ita. Ga abin da na gani: Juma'a 7 ga wata, ƙarfe ɗaya da minti sha biyu, daga 10.0.2.2. Lambar nan na san ta kamar sunana, ta uwa ce. Da daga salula aka shigo, da lambar salula zan gani, irin mai farawa da 192. Ke nan mutum ya zauna a kujerata ya yi abin da ya yi.

Juma'a, ƙarfe ɗaya. Alhaji Isa pirzidan ɗinmu, shugaban ƙungiya, da sauran maza sun tafi shirin masallaci tun sha biyu da rabi. Ni ina gida. Mutum ɗaya ne yake zama a biro ranar Juma'a har ƙarfe uku, ya kashe inji ya kulle, shi ne Baba Kalebu mai kula da magaza, ɗakin ajiyar kayanmu, tunda shi Kirista ne. Kod ɗin kuma yana rubuce a takarda cikin aljihun tebur, Alhaji ne ya ce a ajiye shi don ranar da ba ni da lafiya. Makullin aljihun yana cikin zoben makullan Baba Kalebu.

Layi na huɗu lambu tara ne. Na Yowel ƙanin Baba Kalebu yana ciki. Sauran ban tsaya lissafa su ba.

Ban sauya kod ba, da gangan na bar shi. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

Laraba, 12 ga Fabrairu, bayan la'asar

Ni na koya wa Baba Kalebu taɓa ordinatar da hannuna, abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Alhamis, 13 ga Fabrairu, ƙarfe huɗu na yamma

Yau wuni na yi ina kallonsa ta gefen ido. Yana shigar da buhunan takin zamani a injin da yatsa ɗaya, yana neman kowane harafi kamar mai tsintar allura a yashi. Da can dariya yake ba ni. Yau kuwa cewa na yi a raina, wa ya sani ko duk wannan jinkirin na ganin ido ne.

Da zai fita ya ajiye mini ƙunshi a kan tebur. "Ɗiyata, ga kihi Saloma tac ce in kawo maki, ita tag gasa shi da kanta." Shekara biyu matarsa tana aiko mini da kifi ko zogale kusan kowane mako, ban taɓa tambayar dalili ba. Yau na tambayi kaina. Na karɓa na yi godiya, na kai gida, Maigida ya cinye rabi yana santi. Ni loma biyu na yi na tsame hannu.

Juma'a, 14 ga Fabrairu, ƙarfe biyu da rabi

Na duba jerin kafin in taso, komai daidai, har hotonsa na ɗauka. Na bar Baba Kalebu yana karatun ɗan littafinsa a bakin magaza.

A gida ba wani labari. Maigida ya dawo daga lakwal tun sha biyu, ranar Juma'a ba ya komawa aji. Na goge masa riga, ya ari salulata ya kira Baba mahaifinsa saboda tasa ba kiredi, ya tafi masallaci. Ina zaune ina kallon bangon biro ta saman katangarmu, ina ta tunanin abin da ake yi a ciki.

Asabar, 15 ga Fabrairu, ƙarfe tara na safe

An sake. Layi na huɗu ya koma sama, Sani ya bi salula kamar kullum. Malam Audu ya tare shi a bakin motopom da fartanya a hannu, sai da mutane suka shiga tsakani. Dashen albasarsa na kwana goma ne, rana ta fara zafi, an ce rabi ya kwanta.

Rajista: Juma'a, ƙarfe ɗaya da minti biyar, 10.0.2.2.

Na ji daɗi da na gani. In rubuta gaskiya, daɗi na ji, irin na wanda tarkonsa ya kama.

Litinin, 17 ga Fabrairu, ƙarfe shida na yamma

Alhaji Isa ya kira ni ofishinsa ya tura ƙofa. Malam Audu yana zaune a gefe, ko gaisuwata bai amsa ba.

Alhaji ya ce, "Firdausi, ke ad da injin ga. Mi ka hwaruwa? Inji na ya haukace, ko mutum na?"

Na ce mutum ne. Na nuna masa layukan biyu, na ce lambar nan ta injin biro ce, wanda ya yi gyaran a cikin biro yake zaune. Ya sa madubin ido ya daɗe yana kallon lambar, ko da yake na san da ita da zanen kaza duk ɗaya ne a wurinsa.

"To wa ka zama biro ran Juma'a da ƙarhe ɗaya?"

Ya san amsa, Malam Audu ma ya sani. So suke ta fito daga bakin mai ilimi. Na ce, "Baba Kalebu." Ban yi in'ina ba, har na ƙara da maganar makullin aljihu, wadda ba wanda ya tambaye ni.

Malam Audu ya buga cinya ya ce dama shi ya san ruwa ba ya tsami banza, ga lambun Yowel can kore shar. Ya ƙara wata magana a kan mutanen da ba su zuwa masallaci, Alhaji ya ce masa ya isa.

Talata, 18 ga Fabrairu, bayan azahar

An karɓi makullai. A gabana aka yi.

Baba Kalebu ya saurari Alhaji har ya gama, hannunsa a baya. Shekara sha tara yana riƙe da magazar nan, tun ina 'yar firamare. Ya ce, "Alhaji, ni ban taɓa jerin ruwa ba. Ban ma san inda shike cikin injin ba." Alhaji ya ce inji ba ya ƙarya. Sai ya juyo ya dube ni ya ce, "Madam, haka injin yac ce?" Na ce haka ya ce.

Madam. Tun da na fara aiki a nan ɗiyata yake ce mini.

Ya ciro zoben daga aljihu ya ajiye a kan tebur, ya nuna wa Alhaji wanne ne na magaza, wanne ne na ƙofar baya da sai an ɗaga ta take buɗewa. Ya ɗauki hularsa ya fita. An sa taron ƙungiya ranar Alhamis ta mako mai zuwa, a can za a yanke korarsa, kuma Malam Audu yana neman a karɓe lambun Yowel a ba wani. Makullan yanzu suna jakata, nauyi gare su.

Laraba, 19 ga Fabrairu, ƙarfe biyar na yamma

Magana ta cika gari, har 'yan kifi a bakin tafki ita suke yi. Na haɗu da Saloma wajen mai niƙa, ta gyara ɗaurin zanenta ta kalli gabanta.

Da na ba Maigida labari ina ta zuba, sai ya ce, "Ki bar zancen ga haka nan, tunda an gano ai ya wuce." Na ce ina ya wuce, mutum ya ci amana? Ya ce shi dai ba ya son jin ana cin naman dattijo a gidansa, ya tashi ya ɗauki takardun ɗalibai da ya riga ya gama gyarawa tun jiya. Shi da yake son labarin biro kamar me. Ban san abin da ke damunsa ba kwanan nan.

Alhamis, 20 ga Fabrairu, ƙarfe uku

Ciwon kai ya koro ni gida da rana. Sani ya kira, wai an rubuta wa layi na shida awa uku maimakon huɗu, wannan kam kuskurena ne. Ban iya tashi ba, sai na shiga ta ƙofata. Gidanmu a bayan biro yake, wifi yana kaiwa har kan gado, shi ya sa a Janairu na tura ƙofa ta biyu, 8443, kai tsaye zuwa shafin gyara. Salula ta riƙe kod ɗin, taɓawa ɗaya ce. Na gyara na koma na kwanta.

Juma'a, 21 ga Fabrairu, ƙarfe goma na safe

Na buɗe rajista don in buga wa taro layukan nan biyu a takarda. A ƙasansu akwai sabon layi. Alhamis, ƙarfe biyu da minti arba'in, 10.0.2.2.

Ni ce. Ina kwance a ɗakina, da ɗankwali ɗaure a goshi.

Na fita tsakar biro da salula na shiga ta 8443, na dawo na duba, 10.0.2.2. Na je bakin titi na sake, haka. Na je har gindin darbejiyar makwabta, haka. Na koma baya cikin Janairu, ga shigata biyu daga gida suna nan da lambar uwa, na gan su tun ranar Talatar farko na ɗauka na biro ne.

Na kira Hassan, wanda muka yi karatun informatik, ilimin kwamfuta, tare a Maradi. Ya yi dariya kafin ya ji muryata da kyau. Ya ce, "Haba Firdausi, ai NAT ɗin ga haka shike. Duk wanda yab biyo ta ƙohwar da kinka tura, uwa ka karɓa tai ta miƙa ciki, ɗiyar lambar uwa kawai taka gani. Sai in kin sauya mashi tsari da hannu. Kuma in kin bar gurbin adireshi ba kowa lokacin da kinka tura ƙohwar, duk wanda ke kan wifi ɗinku shina iya isa." Na bar gurbin ba kowa. Na tuna sarai, ina sauri ne ranar.

Ya ce lafiya? Na ce lafiya lau.

Ke nan lambar ba ta ce mutum yana cikin biro ba. Ba ta ce komai ba. Ni na ce.

Juma'a, ƙarfe ɗaya da rabi

Na duba tarihin shafukan da aka buɗe a salulata. 7 ga wata, ɗaya da minti sha biyu. 14 ga wata, ɗaya da minti biyar.

Juma'a, bayan la'asar

A ƙa'ida, ranar Juma'a ce kaɗai salulata take gida alhali injin biro yana kunne. Layi na huɗu lambu tara ne, na bakwai a cikinsu na Baba ne, surukina. Na san haka tun ranar farko. Ban lissafa ba ne don ban so in lissafa ba.

Asabar, 22 ga Fabrairu, ƙarfe sha ɗaya na safe

Mun yi magana da Maigida bayan karin kumallo. Ba zan rubuta duka ba.

Na ajiye salular a gabansa, shafin tarihin a buɗe. Bai musa ba, wannan dai na ba shi. Ya ce tumatirin Baba kusa da ƙarshen layi yake, kafin ruwa ya kai can ya zama zare, ga shi sai Litinin ake ba su, tsoho yana ɗaukar ruwa da bokiti daga tafki har bayansa ya riƙe. Ya ga yadda nake yi a Janairu, kibiya ce kawai ake dannawa. Ya ce, "Kwana biyu kaɗai nim matsar. Ban san za ta hwaɗa bisa Kalebu ba, wallahi ban sani ba."

Na ce ranar Talata fa, da aka karɓi makullai? Ranar Laraba fa, da nake ba shi labari a nan inda yake zaune? Ya hau murza gefen tabarma.

Can ya ce akwai hanya. In ce wa taro inji ne ya rikice, na gano matsalar na gyara. Kalebu ya koma aikinsa, kowa ya huta. "Wa za shi gane? Ke kaɗai kin san harshen abin ga duk garin nan." Ya ce in tuna shi malamin lakwal ne, in tuna Baba da furfurarsa.

Haushi nake ji. Haushinsa, da na kaina wanda ya fi. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ni na buɗe ƙofar, ni na bar kod a salula, ni na kira sunan mutum.

Lahadi, 23 ga Fabrairu, ƙarfe sha biyu

Sani ya ce Baba Kalebu bai je majami'a ba yau, wai tun ranar Talata bai leƙa ƙofar gida ba.

Litinin, 24 ga Fabrairu, ƙarfe huɗu na yamma

Na goge ƙofa 8443 daga tsarin. Layi ɗaya ne a cikin ɗan akwati, na danna ya ɓace, ko minti ɗaya bai ɗauka ba. Na sauya kod, na hana salula riƙe shi. Ta 8080 na bar ta, ita karatu ce kawai. Yanzu in Hassan ya zo ya duba zai ce aikin gwana ne.

Na yi ta juya maganar Maigida. Tana da daɗin ji, shi ya sa nake tsoronta. In na ce inji ne ya rikice, mutanen nan ba yara ba ne. Alhaji ya faɗa a gaban kowa cewa inji ba ya ƙarya. Za su ce Madam ta ji tausayin tsoho ta rufa masa asiri. Za a mayar masa da makullai, amma duk ranar da buhu ɗaya ya yi ɓatan dabo a magaza, shi za a kalla. Malam Audu kuwa har kabari zai tafi da ita.

Yatsana ya je kan goge tarihin salula sau biyu. Yana nan ban goge ba.

Talata, 25 ga Fabrairu, da hantsi

Maigida ya ce in ari salularsa in ina son kira, ya sa kiredi. Ban taɓa ta ba.

Laraba, 26 ga Fabrairu, ƙarfe shida na yamma

Baba ya aiko mana da kwandon tumatir, ja wur, nunan fari. Bai san komai ba, na tabbata, shi a ganinsa Allah ne ya dube shi aka sauya jeri. Na zuba a faranti na rufe. Maigida yana ta bina da ido daga ɗaki zuwa madafa, yana son ya tambaye ni me zan ce gobe, ya kasa. Ni ma da ya tambaya ban san amsar da zan ba shi ba.

Alhamis, 27 ga Fabrairu, bayan la'asar

An yi taron a rumfar gaban biro, mutum ya fi arba'in. Baba Kalebu ya zo da farar riga, shi da Yowel suka zauna a ƙarshen benci, aka bar musu fili kamar masu ƙyanda. Maigida yana tsakiya kusa da Baba.

Alhaji ya ce in karanta abin da inji ya nuna. Na miƙe na ce kafin nan ina da gyara, abin da na faɗa ranar Litinin waccan ba daidai ba ne. Na ce a ɗauka gida ne da ba a shiga, kowa ya zo da saƙo sai ya ba maigadi a zaure, shi ya kai ciki. In ka tambayi matar gida wa ya kawo, maigadi za ta ce, ko da saƙon daga garin Gabi ya fito. Lambar da na nuna ta maigadin ce. Ba ta nuna wanda ya aiko ba, ni ce ban sani ba, na yi karambani. Na ce na buɗe wata ƙofa a injin don in riƙa aiki daga gida, ban gaya wa kowa ba, kuma ta nan aka shiga duka biyun.

Alhaji ya ce, "To in ba Kalebu na ba, wa na?"

Na ce, "Da salulata anka yi." Na miƙa wa Sani ya karanta ranakun da lokacin da ƙarfi.

"Ke kinka yi ke nan?"

"Salulata ta, Alhaji. Alhakinta bisa kaina shike."

Ya sake tambaya, na sake ba shi amsar nan. Malam Audu ya miƙe ya ce ai ga ta nan fili, lambun surukinta yana layi na huɗu. Baba ya ɗago yana kallon mutane ɗaya bayan ɗaya, bai gane abin da ake nufi ba sai da na kusa da shi ya raɗa masa. Ban taɓa ganin fuskar tsohon nan haka ba. Na saci kallon Maigida sau ɗaya, ya cire hula yana duba cikinta.

Sauran bai daɗe ba. An ce in ajiye aiki, za a nemo wani daga Maradi. Lambun Yowel yana nan a hannunsa. Layi na huɗu zai ba layi na biyu ruwansa na mako biyu. Alhaji ya karɓi makullai a hannuna ya miƙa wa Baba Kalebu, ya ce a yi haƙuri, sharrin Shaiɗan ne. Iyakar ban-haƙurin ke nan. Malam Audu ma ta bayan rumfa ya bi ya tafi.

Alhamis, bayan magariba

Maigida ya shigo ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Allah shi yi maki albarka, kin ruhwa muna asiri." Duk abin da aka faɗa mini a rumfa bai yi mini zafin wannan ba.

Juma'a, 28 ga Fabrairu, ƙarfe biyar na yamma

Na je gidan Baba Kalebu bayan ya tashi daga biro. Sau biyu na yi sallama kafin Saloma ta amsa. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa a kwanon sha, ta koma bakin murhu ta ba ni baya.

Na durƙusa gaban Baba Kalebu na ce na zo neman gafara. Na shirya magana mai tsawo tun daga gida, sai hawaye suka riga ta. Ya bar ni har na gama.

Ya ce, "Na ji abin da kinka hwaɗi jiya, Madam. Ba kowa ka iya tsayawa gaban jama'a shi ce ya yi kuskure ba. Na yahe maki, Ubangiji shina gani." Na fara godiya, ya ɗaga hannu. "Abu guda dai za ni ce. Na san ba ke kinka taɓa jerin ga ba, wadda tay yi ba ta kawo salula da hannunta. Ni bisa lamba guda kinka kira sunana, ko ki zo magaza ki tambaye ni ba ki yi ba, ga ni taku goma daga teburinki. Wanda kinka kama da shaida kuwa, kin yi kwanaki kina tunani, har yau ba ki hwaɗi sunanshi ba. Ban ce ki hwaɗa ba, gidanki na. So nike in san ko kin lura."

Na ce na lura.

Ya gyaɗa kai. Ya tambayi lafiyar Baba, ya ce in gaishe shi, in ce masa kada ya sa abin a ransa. Sannan ya ce wa Saloma baƙuwa za ta tafi.

Ta aje ludayi ta taso. Duk zuwan da na taɓa yi gidan nan, sai ta raka ni har kwanar masu kifi, muna tafe muna hira, wani lokaci ma in sake rako ta baya. Yau ta kawo ni bakin zaure ta tsaya, ta ce in sauka lafiya. Na yi 'yan taku na waiwaya, har ta koma ciki.